Fentin ruwa da ƙaron dakwara

Yara, wataƙila kun taɓa ganin ɗan akwatin fenti a wurin masu sayar da kaye da fensir. In an buɗe shi, sai a ga ƙananan dunƙule a jere, galibi 12, kowane da launinsa, ga kuma ɗan burushi a gefe. Wannan shi ne fentin ruwa. Da faransanci ana ce masa akwarel.

Dunƙulen nan busasshe ne, yana da tauri kamar kanwa. Amma da an ɗiga masa ruwa sai ya narke, ya ba da launi. Me ke cikinsa? Abu biyu ne manya: garin launi da ƙaro. I, ƙaron nan da kuka sani, wanda ke fita a jikin dakwara a dajin Gure. Bayan damina, in ganye ya fara zuba, manoma da makiyaya sukan ɓare bawon itacen kaɗan. Bayan ƴan makonni ƙaro ya tsattsafo, ya daskare, a tsince shi a kai kasuwa. Daga ƙasashen Sahel, musamman Sudan da Cadi da Najeriya, ake kai ƙaro Turai. Can ake sa shi cikin alewa da magani da fenti.

Aikin ƙaro shi ne riƙe launi. Ruwa ya ɗauki garin launi ya shimfiɗa shi a takarda, sannan ya bushe ya tafi. In babu ƙaro, da an shafa hannu sai garin ya kakkaɓe. Wanda ya je makarantar allo ya riga ya san wannan. Ai da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro ake haɗa tawada, shi ya sa take kama allo, kuma ruwa ke wanke ta. Tawada da fentin ruwa ɗanjuma ne da ɗanjummai. A Ingila, wani mutum mai suna William Reeves ya samu lambar yabo a 1781 saboda ya mai da fentin dunƙule, yadda matafiyi zai sa shi a jaka ya zana abin da ya gani a hanya.

To, yaya ake aiki da shi? Ku nemi gwangwani biyu na ruwa, ɗaya na wanke burushi, ɗaya mai tsabta na jiƙa fenti. Ku nemi tsumma, da takarda mai kauri. Takardar kaye ba ta jure ruwa, takan kumbura ta yamutse. Farin kwali ya fi ta.

Ku fara zana siffar abin da fensir, a hankali, ba dannawa. Kada ku zaɓi abu mai wuya. Tulu ya isa, ko goriba ɗaya, ko tudun rairayi da dutse a bayansa.

Ga abin da ya fi muhimmanci. A fentin ruwa, ruwa ne ke sa launi ya yi haske ko ya yi duhu. In kun sa ruwa da yawa, ja ya koma fari-fari kamar sama da asuba. In kun rage ruwa, ya fito jawur. Farin da ke cikin zane kuwa, farin takarda ne. Wurin da kuke so ya zama fari, kamar rigar malam ko hasken rana a gefen tulu, sai ku bar shi, kada burushi ya taɓa shi. Don haka ake farawa da launi mai haske, a bari ya bushe, sannan a ɗora mai duhu. Duhu yana rufe haske, amma haske ba ya rufe duhu. Yara da yawa sukan yi gaggawar sa baƙi tun farko. A ganina, gara a rufe dunƙulen baƙi da ƴar takarda har a gama makon farko.

Launi uku sun ishe ku: ja, rawaya da shuɗi. Rawaya da shuɗi su ba da tsanwa, na ganyen dabino. Ja da rawaya su ba da ruwan goro. In aka haɗa ukun, sai a samu ruwan ƙasa. A marfin akwatin ake haɗawa, ba a kan dunƙulen ba, don kada ya ƙazantu.

A nan ƙasarmu iska busasshiya ce. Da hunturu ko bazara, fenti yakan bushe tun ba ku kai ƙarshen takarda ba, ya bar zane-zane a sararin sama. Maganinsa, ku zauna a inuwa, ku jiƙa wurin da ruwa mai tsabta tukuna, sannan ku shafa shuɗi da sauri daga sama zuwa ƙasa. In launi ya yi yawa, ku danna tsumma ya tsotse shi tun yana ɗanye. In kun gama, ku wanke burushi, kada ya kwana a gwangwani da gashinsa a ƙasa, zai lanƙwashe.

Wanda bai da akwati, shi ma yana iya zane. A jiƙa ƙaro awo ɗaya cikin ruwa awo biyu, ya kwana, a tace. A niƙa jar ƙasa ko gawayi ko bula, su yi laushi kamar kwalli. A kwaɓa kowane da ruwan ƙaron, a ɗiga zuma kaɗan don kada ya tsage. A zuba cikin marfin kwalba, a ajiye a inuwa ya bushe. Burushi kuwa, a ɗaure gashin akuya a bakin ɗan tsinke da zare.

Aiki: Ku ja gida biyar a takarda. Ku shafa ja a gida na farko. Kowane gida na gaba, ku ƙara ruwa kaɗan. Wane gida ne ya yi kama da rairayin bayan garinku?