Baƙaƙe masu ƙugiya tsakanin madannai da na'urar buga takarda: abin lura ga cibiyoyin yaƙi da jahilci na Gidigir

1. Gabatarwa

Taron Bamako na shekarar 1966 ya tabbatar da baƙaƙe masu ƙugiya cikin rubutun boko, kana dokar gwamnatin Nijar mai lamba 212-99 ta shekarar 1999 ta tsai da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ cikin abajadin Hausa. Ƙugiyar tana rarrabe ma'ana: kafa dabam, ƙafa dabam, haka bari da ɓari, baki da baƙi. Littafin koyon karatu da ya rasa ta yana koya wa ɗalibi kuskure tun daga darasin farko.

A Gidigir, cikin gundumar Gure, bisa babbar hanyar da ta fito daga Damagaram, matsalar ta wuce Hausa kaɗai, domin Mangawa da Fulani da Hausawa ne ke cuɗanya. Kanuri na bukatar ǝ da ɍ, Fulatanci kuwa ɓ, ɗ, ƴ da ŋ. Kwamfuta guda ce za ta ɗauki nauyin harsunan uku.

2. Matakai uku na harafi

Kafin harafi ya sauka bisa takarda, hannuwa uku yake bi. Na farko, tsarin madannai, wanda ke shaida wa kwamfuta harafin da aka danna. Na biyu, zubin baƙaƙe, wanda ke zana siffarsa. Na uku, direba, wato ƙaramar manhajar da ke yin tafinta tsakanin babbar manhajar kwamfuta da na'urar buga takarda. Kowane mataki yana da alamar ciwonsa, kuma da alamar ake gane inda za a nufa.

3. Alamomi da magani

3.1. Idan ba a sami hanyar danna ƙ ba, lamarin na madannai ne. Madannan AZERTY da aka saba da su a Nijar domin Faransanci aka tsara su. Windows da Linux suna da tsarin Hausa, amma an aza shi bisa jerin QWERTY, saboda haka abin da aka zana bisa maɓalli ba koyaushe yake fitowa ba. Manhajar Keyman, wadda ƙungiyar SIL ke bayarwa kyauta, tana ba da damar sa baƙaƙen bisa jerin da magatakarda ya saba.

3.2. Idan ɗan akwati ya bayyana a gurbin harafi tun bisa fuskar kwamfuta, zubin ne ba shi da siffar. Ma'aunin Unicode ya bai wa kowane harafi lambarsa: ɓ U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ U+01B4. Harafin ɍ na Kanuri bai shiga ba sai a shekarar 2006, shi ya sa zubin da ya girmi wannan shekara ba ya ɗauke da shi. Charis SIL da Andika sun ƙunshi dukansu. Tsofaffin takardun da aka rubuta da zubin gida, inda aka aro gurbin wata alama aka zana ƙ a ciki, ba su da magani sai a mai da su bisa Unicode.

3.3. Idan rubutu ya fito daidai bisa fuska, ya ɓaci bisa takarda, a nan ne ake tuhumar direba. Wasu direbobi sukan maye zubin marubuci da wanda ke cikin na'urar, wanda bai san ƙugiya ba. Sai a umarci direban ya aika da zubin tare da rubutun, ko a mai da takardar PDF mai ƙunshe da zubinta, ko a buga shafin a matsayin hoto.

3.4. Idan kwamfuta ba ta ga na'urar ba sam, a fara da waya da ƙofar USB, sa'annan a duba dacewa: direban da aka yi wa manhaja mai bit 32 ba ya aiki bisa mai bit 64.

4. Kammalawa

Ya kamata masu tsara ayyukan yaƙi da jahilci su riƙa aika kowace na'ura tare da direbanta, da zubin baƙaƙe, da tsarin madannai, duka cikin filashi guda, domin kada malamin Gidigir ya dogara ga intanet ko tafiya Damagaram. Kafin a karɓi na'ura daga hannun ɗan kasuwa, a buga layin gwaji mai ɗauke da ɓ ɗ ƙ ƴ ǝ ɍ ŋ, manya da ƙanana. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya yar da ƙugiya domin na'ura ta ƙi ta, ya bar inji ya yanke hukuncin da dokar ƙasa ta riga ta yanke.