BABI NA UKU: HANYOYIN BIN DIDDIGIN TURAWAN INGILA DA SUKA YI AIKI A ƘASAR HAUSA A LOKACIN YAƘI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren Turawan Ingila da aiki ya kawo ƙasar Hausa a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914 zuwa 1918) da na Biyu (1939 zuwa 1945). A wannan babi kuwa za a duba hanyoyin da jikokinsu ke bi domin gano inda kakannin nasu suka zauna da aikin da suka yi. Za a nuna cewa takardun Ingila kaɗai ba su isa ba, sai an haɗa da abin da ke ajiye a ƙasar Hausa, a rubuce da kuma a ka.

3.1 Giɓin da Ke Cikin Takardun Ingila

Matsala ta farko ita ce wuta ta ci wasu muhimman takardu. A watan Satumba na 1940 jiragen Jamus suka jefa bom a kan ma'ajiyar Ma'aikatar Yaƙi da ke Landan, inda kusan kashi biyu cikin uku na fayilolin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka ƙone. Haka kuma takardun ƙidayar jama'a ta Ingila ta 1931 sun ƙone a 1942, sannan ba a yi ƙidaya a 1941 ba saboda yaƙi. Rajistar da aka yi ranar 29 ga Satumba, 1939 kuwa ta shafi mazauna gida ne, don haka Baturen da ke Kano ko Jos a wannan rana ba za a ga sunansa a ciki ba.

3.2 Takardun da Suka Tsira

Abin da mai bincike zai fara tantancewa shi ne irin aikin da kakan ya yi, domin kowane aiki da inda ake ajiye takardunsa.

Idan soja ne, wataƙila ya yi aiki a Rundunar Sojojin Afirka ta Yamma, wadda ta yi yaƙi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, ta kuma tafi Bama bayan an kafa Runduna ta 81 da ta 82 a 1943. Littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya wakana kullum suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ingila da ke Kew, tare da katunan lambobin yabo. Idan ya rasu a bakin aiki, hukumar kula da kaburburan yaƙi da aka kafa a 1917 tana da sunansa da inda aka binne shi.

Idan Di'o ne ko Razdan, akwai littafin da Ofishin Mulkin Mallaka ya riƙa fitarwa shekara-shekara mai ɗauke da taƙaitaccen tarihin aikin manyan ma'aikata. Bugu da ƙari, daga 1963 Jami'ar Oksfod ta shiga tattara wasiƙu da littattafan ajiyar tsofaffin ma'aikatan mulkin mallaka. Idan ɗan mishan ne na CMS, irin waɗanda suka zauna a Wusasa, takardun ƙungiyar suna Jami'ar Bamingam.

Har wa yau, an adana sunayen fasinjojin jiragen ruwan da suka tashi daga Ingila tsakanin 1890 da 1960. Wannan yana da muhimmanci domin ba kowa ne ya iso ba. Alal misali, ranar 28 ga Maris, 1915 Jamusawa suka nutsar da jirgin Falaba na kamfanin Elder Dempster a kan hanyarsa ta zuwa Afirka ta Yamma, mutum 104 suka rasu.

3.3 Abin da Ke Ƙasar Hausa

Takardun Ingila kan faɗi ranar da mutum ya kama aiki da muƙaminsa, amma ba kasafai suke nuna yadda ya zauna da jama'a ba. Wannan sai an zo Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin larduna irin su Kano da Zariya da Sakkwato suke. A cikinsu akwai rahotannin rangadi da na haraji masu ɗauke da sa hannun Di'o-Di'o, da takardun ɗibar soja, da na aikin tilas a haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944.

Sai dai akwai wani cikas da ya shafi harshe. Hausawa ba su cika kiran Bature da sunansa na yanka ba, laƙabi suke ba shi bisa ga halinsa ko kamanninsa. Hans Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, an san shi da Ɗan Hausa. Bryan Sharwood Smith, wanda ya zama Gwamnan Arewa, an san shi da Mai Wandon Ƙarfe. Saboda haka jikan da ya zo da sunan Turanci kawai yana iya tambayar gari guda bai dace ba, alhali da ya ambaci laƙabi da an ba shi labari. Ana iya samun laƙabin a cikin wasiƙun da Baturen ya aika gida. Hausawa kan ce matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san sunan da zai yi tambaya da shi. Abin damuwa shi ne waɗanda suka ga zamanin da idonsu sun kusa ƙarewa, saura 'ya'ya da jikokin kuku da boyi da tafinta da masinja, waɗanda suka gaji labarin.

3.4 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa bin diddigin waɗannan Turawa yana buƙatar haɗa abu uku: takardun Ingila, da fayilolin Kaduna, da tarihin baka. An kuma lura cewa amfanin aikin bai tsaya ga jikokin Turawa ba, domin littattafan bataliya da ke ambaton hafsan Bature su ne kuma ke nuna inda sojojin Hausawa da ke ƙarƙashinsa suka yi yaƙi. A babi na gaba za a yi nazarin sigogin waɗannan laƙabobi da ma'anoninsu.