Ka San Yawan Wutar Da Kayanka Ke Sha?

Lantarki ya shiga ƙauyuka da yawa. Wasu na amfani da wutar layi, wasu janareto, wasu kuma sola da batir. Amma sau da yawa waya kan ƙone, ko janareto ya mutu, don an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ɗan lissafi kaɗan zai hana wannan asara.

Wutar lantarki a cikin waya kamar ruwa ce a cikin tiyon injin ban-ruwa. Ƙarfin da ke tura wutar, da bolt ake auna shi. Yawan wutar da ke gudana kuwa, da amfiya. Idan tiyo siriri ne, da ƙyar ruwa ke wucewa. Haka ma kowane kayan wuta yana yi wa wutar turjiya. Ana auna turjiya da om, wato sunan Georg Ohm, Bajamushen da ya bayyana wannan ƙa'ida a 1827. Ƙarfin aikin da wutar ke yi kuma, shi ake aunawa da wat.

Ga ƙa'idoji biyu, a riƙe su da kyau. Ta farko, bolt sau amfiya, shi ne wat. Ta biyu, a raba bolt da amfiya, sai a sami om.

Ga misali. Batirin mota bolt 12 ne. Idan ƙwan fitila yana jan amfiya 2, to 12 sau 2, wat 24 yake sha. Turjiyarsa kuwa, 12 a raba da 2, om 6 ke nan.

Wutar layi a Nijeriya bolt 230 ce. Dutsen guga mai jan amfiya 5 yana shan wat 1,150. Turjiyarsa om 46. Saboda haka ƙaramin janareto mai wat 650 ba zai iya ɗaukarsa ba.

To, ina haɗarin yake? Fulogi mai ƙafa uku yakan zo da fis mai amfiya 13. A ce ka haɗa wannan dutsen guga da hita mai jan amfiya 10 a kan fulogi ɗaya. Jimla amfiya 15, ta zarce 13. Idan wutar ta zarce ƙarfin fis sosai, zai ƙone don ya yanke ta. Aikinsa ke nan. Idan ka cire shi ka cusa waya a madadinsa, babu abin da zai yanke wutar. Waya za ta yi zafi, robarta ta narke, gobara na iya tashi.

Don haka, mai karatu, kafin ka jona kowane kaya, duba lambobin da ke jikinsa. Tara wat ɗin kayanka, ka gwada da na janareto. Idan fis ya ƙone, sayi irinsa. Gyaran waya kuwa, a bar wa mai gyaran wuta. Rigakafi ya fi magani.