4.3 Hanyoyin Kare Budurwa daga Cutarwar Saurayi a Cikin Birnin Kano

A wannan sashe za a duba matakan da budurwa da danginta za su iya ɗauka idan saurayi ya fara cutar da ita. Abin nufi da cutarwa a nan shi ne duka ko zagi ko barazana ko tilasta mata abin da ba ta so. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da budurwa ta ce ta fasa, don haka a kansa za a fi mayar da hankali.

4.3.1 Wurin Zance

A al'adar cikin birni, kamar a unguwannin Yakasai da Mandawari da Ƙoƙi, saurayi yakan tsaya a soro ko a ƙofar gida, ya aika yaro ya yi sallama da budurwa. Wannan tsari kariya ce, domin masu shiga da fita suna ganinsu, kuma ƙannenta suna kusa. Haɗari yakan faru ne idan zance ya koma lungu mai duhu ko cikin mota ko ɗakin aboki. Saboda haka mataki na farko shi ne kada budurwa ta yarda a sauya wurin zance, musamman bayan an samu saɓani.

4.3.2 Wanda Za a Gaya Wa

Kunya takan hana yarinya faɗa wa mahaifinta irin wannan magana. Idan kuwa 'yar fari ce, ita ma uwar takan yi kara da ita. To amma al'ada ta bar ƙofa a buɗe, wato kaka, wadda akwai wasa tsakaninta da jika, da gwaggo da kuma yaya. Ya kamata budurwa ta zaɓi ɗaya daga cikinsu tun daga barazanar farko, ta nuna mata saƙonnin waya, kada ta goge su, domin su ne shaida. Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani.

4.3.3 Kayan Toshi da Rabuwa

Sau da yawa saurayi yakan kafa hujja da abin da ya kashe. Misali, a watan Satumba na 2022 wani ɗan ƙasar Sin ya shiga har cikin gida a unguwar Janbulo, wajen badala, ya kashe wata matashiya da suka yi soyayya. A gaban shari'a ya yi ta ambaton kuɗin da ya ce ya kashe mata, kuma a watan Maris na 2024 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa.

A fiƙihun Malikiyya, akwai ra'ayin da ya ce idan ɓangaren mace ne ya fasa, namiji yana iya neman kayansa, idan kuwa shi ne ya fasa, ba shi da wannan dama. Ke nan kuɗi bashi ne da ake iya biya, ba su ba shi iko a kan yarinya ba. Abin da ya dace shi ne a lissafa kayan, manya su mayar wa manyansa a gaban shaidu. Kada budurwa ta je ita kaɗai don "sallamar ƙarshe". Bugu da ƙari, a makonnin da suka biyo baya a riƙa raka ta makaranta ko Islamiyya, a sauya mata hanyar aike, a kuma sanar da maƙwabta kada a ƙara yi masa sallama da ita.

4.3.4 Hukuma

Idan barazana ta ci gaba, sai a kai magana wurin mai unguwa, wanda ya san gidajen biyu. Daga nan akwai Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, tana kuma sauraron rigingimun aure da na neman aure. Har ila yau, a 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Yara ta Jihar Kano. Sai dai sulhu yana da iyaka. Idan an yi rauni ko fyaɗe, ko an nuna makami, wannan laifi ne, ba rigimar gida ba ce. A nan sai a garzaya da yarinya asibiti, kamar na Murtala da ke Ƙofar Mata, a kuma kai ƙara wurin 'yan sanda.

A taƙaice, waɗannan matakai ba za su yi aiki ba sai manya sun gaskata yarinya a ranar da ta fara magana, ba tare da sun ɗora mata laifi ba. A sashe na gaba za a duba rawar da malaman Islamiyya suke takawa.