Girgizar tsohon babur na iya lalata kyamarar waya: yadda ake canza mazaunin inji

Tun daga watan Janairun 2013 da gwamnatin Kano ta haramta acaɓa, babur ya koma abin hawan kai da na kai saƙo. Matasa da dama a Fagge da Sabon Gari suna kai kaya a kan tsofaffin Jincheng da Boxer, wayarsu maƙale a kan babur tana nuna musu hanya ta Google Maps. Sai dai idan mazaunin inji ya saki, wayar ma tana cikin haɗari.

A watan Satumban 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗi cewa girgizar manyan babura na iya lalata kyamarar iPhone. Dalili kuwa shi ne gilashin kyamarar yana lilo ne domin hana hoto rawa, kuma jijjiga mai yawa tana lalata wannan tsarin. Ko a kan ƙananan babura, kamfanin ya ce a yi amfani da mariƙin waya mai rage girgiza. Yawancin manyan wayoyin Samsung ma suna da irin wannan fasahar.

Mazaunin inji shi ne farantan ƙarfe da dogayen kusoshin da ke riƙe inji a jikin firam, wasu babura kuma da roba a tsakani. Shekaru, ramuka da lodi suna sa ramin kusa ya buɗe, roba ta bushe ta tsage. Alamomin a bayyane suke: madubi na rawa har ba a ganin baya, tafin hannu na yin sanyi bayan doguwar tafiya, ana jin ƙara "kwas" yayin sa giya, sannan ga jan garin tsatsa a gefen noti.

Bakanike mai hankali yakan fara da kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya tokare ƙasan inji da katako, sannan ya kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Gara a tafi shagunan kayan babur na Fagge ko Sabon Gari da tsohon a hannu, domin kusar da ta fi ramin siranta za ta dawo da matsalar nan da nan. Wajen mayarwa, ana zura dukkan kusoshin tukuna kafin a ɗaure ko ɗaya da ƙarfi, in ba haka ba injin zai zauna a karkace. Daga nan sai a duba sarƙa, saboda zaman injin ya ɗan canza.

Idan kunnen firam ne ya tsage, sai walda. Kafin mai walda ya taɓa shi, a sauke tankin mai, a cire wayar batir da CDI don kada wuta ta ƙona shi.

Wayar da kanta na iya tabbatar da aikin. Manhajar phyphox, ta wata jami'a a Aachen da ke Jamus, kyauta ce kuma tana auna girgiza. A ɗora waya a kan kujera na daƙiƙoƙi kaɗan inji na aiki, kafin gyara da bayansa, a kwatanta.

Kuɗin kusoshi da roba bai kai na canza kyamara a Farm Centre ba. Kafin a yi gyaran, wayar ta zauna a aljihu.