Duniyar da shekararta ba ta kai mako guda ba

Ranar 6 ga watan Oktoba na shekarar 1995, a wani taron masana ilimin taurari da aka yi a birnin Florence na ƙasar Italiya, Michel Mayor na Jami'ar Geneva ya sanar da cewa shi da ɗalibinsa Didier Queloz sun gano wata duniya tana zagaya wani tauraro mai kama da ranarmu. Ba su gan ta da ido ba, ba su kuma ɗauki hotonta ba. Lissafi suka zo da shi, lissafin kuma ya nuna abin da masana da dama ba su zaci zai yiwu ba: ƙatuwar duniya ta iskar gas, irin Mushtari da Turawa ke kira Jupiter, tana gama kewaye tauraronta cikin kwana huɗu da awa biyar.

Sunan tauraron 51 Pegasi, kuma haskensa kan yi tafiyar kimanin shekara 50 kafin ya iso nan. Duniyar da ke zagaya shi aka sa mata 51 Pegasi b. Tun a 1992 an gano wasu duniyoyi kusa da ragowar wani mataccen tauraro, amma wannan ce ta farko da aka tabbatar a jikin tauraro mai rai irin rana.

Ana fahimtar mamakin masana idan aka kwatanta da abin da ke kewaye da ranarmu. Mushtari tana nesa da rana da kilomita miliyan 778, kuma zagayenta guda kan ci kusan shekara 12. Mercury, wadda ta fi kowace duniya kusa da rana, tana da tazarar kilomita miliyan 58, shekararta kwana 88 ce. Ita kuwa 51 Pegasi b, mai nauyin kusan rabin Mushtari, tazararta da tauraronta ba ta wuce kilomita miliyan 8 ba. An ƙiyasta zafinta da kimanin digiri 1,000 a ma'aunin Selshiyos, alhali alminiyam yana narkewa a digiri 660. Babu ƙasar da za a taka a cikinta. Akasarinta iskar haidurojin da hiliyom ce. Ana kuma kyautata zaton fuska guda take juya wa tauraron har abada, kamar yadda wata ke yi wa duniyarmu, ta yadda rabi ke cikin rana kullum, rabi cikin dare.

To, yaya aka gano abin da ba a gani? Wanda ya taɓa kallon babban mutum ya riƙe hannayen yaro yana juya shi a iska ya san cewa shi ma babban ba ya tsayawa cak, yakan ɗan karkata, yana yin ƙaramin zagaye nasa. Haka tauraro yake da duniyarsa. Yana jan ta, ita ma tana jan sa, don haka yakan ɗan matso, ya ɗan ja baya. Wannan motsi yana bayyana a haskensa. Kamar yadda jiniyar motar asibiti ke sirancewa idan tana tahowa, ta yi kauri idan ta wuce, haka hasken tauraro ke karkata zuwa shuɗi idan ya nufo mu, zuwa ja idan yana nisa. Mayor da Queloz sun auna wannan sauyi da wata na'ura mai suna ELODIE a cibiyar kallon taurari ta Haute-Provence da ke kudancin Faransa, suka ga tauraron yana kai da komo da gudun kusan kilomita 200 a awa, gudun da wasu motoci ke iya yi. Auna irin wannan daga tazarar shekara 50 ta tafiyar haske ba ƙaramin aiki ba ne.

Cikin 'yan kwanaki Geoffrey Marcy da Paul Butler suka tabbatar da sakamakon daga cibiyar Lick da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Duk da haka shakka ba ta kau nan take ba. A 1997 wani masani a Kanada, David Gray, ya ce mai yiwuwa tauraron ne da kansa ke kumbura yana motsewa, babu wata duniya. Ya janye wannan ra'ayi a shekarar da ta biyo baya, bayan sabon awo bai mara masa baya ba. Gardamar ta mutu a 1999, lokacin da aka ga wata duniya irinta, HD 209458 b, ta gifta ta gaban tauraronta, ta rage haskensa da ƙasa da kashi 2 cikin ɗari, daidai lokacin da lissafi ya ce za ta gifta.

Babbar tambayar ita ce yadda aka yi duniya irin wannan ta samu kanta a bakin wuta. A fahimtar masana, manyan duniyoyin gas suna haɗuwa ne can nesa da tauraro, inda sanyi ke daskarar da ruwa, ƙanƙara da duwatsu su dunƙule su yi ƙwaya mai nauyin da zai tattaro gas. Kusa da tauraro babu ƙanƙara, kayan ginin ma ba su da yawa. Amsar da ta fi karɓuwa, wadda Douglas Lin da abokan aikinsa suka gabatar a 1996, ita ce ƙaura: an haifi duniyar a nesa, sannan faifan gas da ƙura da ke kewaye da jaririn tauraro ya riƙa rage mata ƙarfin zagaye, ta yi ta gangarowa ciki. Wasu kuma na ganin wata ƙatuwar duniya ce maƙwabciya kan ture ta. Ko wanne ya tabbata, ra'ayin cewa duniyoyi na zama inda aka haife su ya rushe, har aka koma ana sake nazarin ko Mushtari ma ta taɓa yin ƙaura a farkon zamaninta.

Akwai wani ruɗi da ya kamata a lura da shi. A shekarun farko irin waɗannan zafafan duniyoyi suka cika jerin abubuwan da ake ganowa, har a ɗauka su ne suka fi yawa a sararin samaniya. Ba haka ba ne. Sun fi sauƙin kamawa ne kawai, domin suna girgiza tauraronsu da ƙarfi, kuma mako biyu ya isa a ga zagaye uku, maimakon jiran shekara 12. Bincike ya nuna kusan tauraro ɗaya ne cikin ɗari na masu kama da rana ke da irinsu. A watan Maris na 2022 hukumar NASA ta ce duniyoyin da aka tabbatar a wajen tsarin rana sun haura 5,000, mafi yawansu ƙanana ne a kan Mushtari.

A 2015 Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta raɗa wa 51 Pegasi b suna Dimidium, wato “rabi” a harshen Latin, saboda nauyinta. A 2019 Mayor da Queloz suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks da James Peebles.

Zama kusa da tauraro yana da tsada. An ga HD 209458 b tana zubar da iskar haidurojin zuwa sarari saboda tsananin zafi. Wata kuma, WASP-12b, wadda shekararta kwana ɗaya ce da 'yan awoyi, zagayenta yana raguwa da ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba a kowace shekara, kuma masana sun ƙiyasta cewa cikin kimanin shekara miliyan 3 tauraronta zai haɗiye ta.