Tsutsar da ke maida saiwar tumati rumbunta

Ƴan'uwa masu garka, sau da yawa mukan ga tumati ya yi yaushi da rana tsaka alhali ya sha ruwa. In muka tumɓuke shi, sai mu tarar saiwar duk ta yi ƙululu. Aikin wata tsutsa ne wadda ido ba ya gani, masana na ce mata nematodi. Ƙasa mai rairayi da zafi ta fi so.

Tana shiga ta bakin saiwa. Ita saiwa ƙananan ɗakuna ne jere. Da wani tsinke na bakinta tsutsar ke huda ɗaki biyar ko shida ta zuba miyau, amma ba ta kashe su. Cikin kowane ɗaki akwai sinadarai da ake kira furotin, su ne ma'aikatan shuka, wasu magina, wasu masu tsaro. Miyan nan na manne musu, ya sa masu tsaro barci, ya juya magina su yi wa baƙuwa aiki. Ɗakunan sai su kumbura su zama rumbunta, abincin da ganye ya haɗa ya riƙa gangarowa can. Macen ta zauna ta yi ƙiba, ta zuba ɗaruruwan ƙwai. Cikin kamar wata 1 ƴaƴanta ma sun fara.

Kada mu rikita shi da ƙululun wake da gujiya mai gyara ƙasa. Shi yatsa na ɓamɓare shi, na tsutsa ba ya fita.

Bayan an kwashe amfani, mu tumɓuke saiwoyi mu ƙone, mu kafce ƙasa rana ta gasa ta. Inda aka yi tumati, kuɓewa ko yalo, a bi da hatsi ko dawa. Dashe mai ƙululu kuwa, ko kyauta aka ba mu, kada ya shiga garka.